Neman Kabarin Isa a Garin Ƙarfe

Tun da na dawo daga Rasha ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba a majalisarmu ta bakin tasha. Da na zauna sai Alhaji Ɗanjuma mai motocin haya ya jawo kujerarsa: "Malam Haruna, wai da gaske rana ba ta faɗuwa a can?" Kafin in amsa wani ya jefo tasa, wai ko na ga Musulmi ko guda. Na ba da labarin guntu-guntu har bakina ya gaji, kowa kuma ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a kasuwar Birnin Kudu na ji wai an ɗaure ni a Mosko saboda goro. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi daga farko, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya je ya karanta.

Ba wannan ne zuwana na farko ba. Muna samari gwamnati ta kwashe mu daga makarantun koyon sana'a ta tura mu Tarayyar Sobiyet mu koyo narka ƙarfe, saboda wata babbar masana'anta da aka ce za a gina a ƙasar nan. Rukuninmu aka kai wani gari da ake kira Magnitogorsk. Mu biyu ne Hausawa a ciki, ni da Isa, ɗan Kwandiko ta ƙasar Gwaram. Ɗaki ɗaya muka zauna shekara uku, tukunya ɗaya, wani lokaci ma safa ɗaya. Da aka gama sai aka zaɓi Isa ya ƙara watanni a sashen tanderu, domin ya fi mu kai, mu kuma muka dawo. A hunturun nan sanyi ya kama shi a ƙirji ya rasu. Abin da ya iso gida magana ce guda: ya rasu, an binne shi. Masana'antar da aka horar da mu dominta kuwa ba ta taɓa kirana ba, a koyar da walda na ƙare har na yi ritaya.

Mahaifiyar Isa, Inna Laraba, tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, idanu sun tafi amma kai garau. Kowace salla nakan je gaishe ta. A zamanin da abin ya faru ana yaɗa cewa mutanen ƙasar ba su san Allah ba, kuma ƙone gawa suke yi, wani marar hankali ya kai mata wannan maganar har ɗaki. To da 'yata Maryam, wadda ke karatun likita a garin Ufa na Rasha, ta gayyace ni bikin kammalawarta, sai na hau mota zuwa Gwaram, na hau acaɓa zuwa Kwandiko, don in yi wa Inna sallama.

"Ƙasar da abokinka yake?" in ji ta. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Ita, Inna. Amma garinsu da nisa daga inda Maryam take."

"Nisan ya kai daga nan zuwa can?"

Ta laluba ta kama hannun rigata. "Ba tsaraba nake so ba, Haruna. Ka je ka tambayo min. An wanke shi? An sa masa likkafani? An yi masa salla? An juya shi alƙibla? In ƙone shi suka yi ka gaya min gaskiya, ba yarinya ba ce ni. Na gaji da kwana da wasi-wasi, kuma ba na son in tafi da shi."

Da wannan kayan na tashi daga Kano, ya fi akwatina nauyi. Muka sauka Alƙahira, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan aka ɗauke mu zuwa Mosko.

Maganar goro da aka cika gari da ita ga yadda take. Wani kare ne ya tsaya a kan akwatina ya ƙi gaba. Aka buɗe, aka ga kilishin da na yo wa Maryam, aka ɗauke shi nan take, wai ba a shiga da nama. Har yau ina zargin karen nan ne ya ci. Daga nan wata jami'a, sa'ar Maryam, ta warware ƙunshin gorona ta tsaya tana juya shi. Ni kuwa da ma ina neman inda zan nuna musu na san harshensu, sai na gyara tsayuwa na kira ta da "tobarish", yadda muke kiran kowane ma'aikaci a da. Ita da na kusa da ita suka tuntsire da dariya, wai rabonsu da jin wannan sai a bakin kakanninsu. Raina ya ɓaci, amma dariyar ce ta cece ni. Na ɓara goro na ci, na miƙa wa wani dattijo a cikinsu. Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya ce duk wanda ke cin wannan don daɗi ba zai cuci kowa ba, a mayar min da abina.

Mai duba fasfo shi ne bai yi dariya ba. Ya tambayi inda zan je, na ce Ufa, daga nan Magnitogorsk. Ya ɗago ido.

"Ba mai zuwa Magnitogorsk yawon buɗe ido. Wa gare ka a can?"

"Abokina."

"Adireshinsa?"

"Shi zan je nema," na ce. "Ya rasu tun kafin a haife ka."

Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya buga hatimi.

Daga Mosko jirgin ƙasa na shiga, domin shi na yi marmari. Taragon talakawa, gadaje sama da ƙasa, ba ƙofa, kowa na ganin kowa. Ina shiga warin nan na da ya doke ni, na bargo da shayi da dafaffen ƙwai, sai da na zauna tukuna. A irin wannan tarago muka fara ratsa ƙasar ni da Isa. Shi ne ya leƙa taga ya ga itatuwan nan nasu masu farin jiki ya ce, "Haruna, ka ga mutanen kirki, har daji suke yi wa farar ƙasa."

Mutanen Rasha ba sa gaisuwa a hanya. Ka yi wa wanda ba ka sani ba murmushi sai ya ɗauka da wata a ƙasa. Amma da jirgi ya tashi, kowa ya tuɓe takalmi ya sa silifa, sai ka ga wasu mutane daban. Matar da ke gadon da ke fuskantar nawa, Valentina, ta baje kaza da kokwamba da baƙin burodi ta ce in matso. Na yi irin tamu, na ce alhamdulillahi na ƙoshi. A gida ai sai a sake yi maka tayi, ka sake ƙi, a na uku ka sa hannu. Ita kuwa ta ɗauka ƙyamarta nake yi, ta juya min baya har tasha biyu. Da yunwa ta ci ƙarfina ni na roƙa da bakina. Mijinta ya yanko min wani farin abu a kan burodi, na gane shi tun daga nesa, kitsen alade ne mai gishiri, abin da suka fi ƙauna. Na ce addinina ya hana. Ya ce to madalla, rabonsa ya ƙaru.

Ba zan tsaya kan bikin Maryam ba, wannan labarin mahaifiyarta ne, ita ma ta ishe ku da hotuna. Na yi kuka dai, ba na musu. Maryam ta so ta raka ni, na ce ta zauna ta gama da takardunta, garin da na yi shekara uku a ciki ba yarinyar da za ta nuna min hanya.

Daga Ufa motar bas ce, wuni guda, ta cikin tsaunukan Ural. Hawa da gangara, daji baƙi ƙirin hagu da dama. Mun tsaya a wani gari inda mata ke sayar da zuma a bakin hanya, zumar da ban taɓa shan irinta ba. Direban, Musulmi ne daga ƙabilar Bashkir, da ya ji na yi bisimilla sai ya rungume ni, ya yanko min tsiran da ya yo guzuri, ya ce halal ne tsantsa. Na ci yanka biyu ina yabawa kafin ya gaya min doki ne. Alhaji Ɗanjuma, kai da kake ta tambayar abin da na ci, to ga shi nan, na ci doki, kuma ban mutu ba.

Can wajen la'asar tsaunukan suka ƙare kamar an yanke da wuƙa. Sai fili fetal, ciyawa iya ganinka, ba itace. A ƙarshen filin sai ga hayaƙi, fari da toka-toka da wani ja-ja, yana tashi daga bututu masu yawa. Shekara kusan arba'in, hayaƙin nan na inda na bar shi.

Bari in kwatanta muku garin. Kogin Ural ne ya raba shi biyu, kuma kogin nan shi ake ɗauka iyaka tsakanin Turai da Asiya. Gaɓar yamma Turai ce, can gidajen mutane suke. Gaɓar gabas Asiya ce, can masana'antar take, ita kaɗai ta fi Birnin Kudu da ƙauyukanta girma a idona. Kullum da safe ma'aikata na hawa ɗan jirgin lantarkin nan na cikin gari su haye gada. Isa yakan ce, "Muna kwana a Turai, muna aiki a Asiya, aljihu kuma na Afirka."

Sunan garin daga wani dutse ya samo asali, Dutsen Maganaɗisu, wanda kusan dukkansa tama ce. A da can ba komai a wurin sai ɗan sansanin mayaƙa a bakin kogi da makiyaya masu yawo da dawakai. Kusan shekara ɗari da suka wuce gwamnatinsu ta ce a nan za a gina masana'antar ƙarfe, a tsakiyar filin da ba gida ba itacen girki. Aka kwaso mutane daga ko'ina, wasu da son ransu, wasu da yawa an ƙwace gonakinsu an loda su a tarago. A tanti suka yi hunturun farko, kuma hunturun can yakan daskarar da yawu kafin ya kai ƙasa. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, ƙarfen garin nan aka yi ta ƙera tankokin yaƙi da shi, har yau da wannan suke tunƙaho. Mu mun tarar da ragowar dutsen ana ci. Wannan karon da na je dubawa rami na gani, mai zurfi, da matakala zagaye da shi. Sun cinye dutsensu, yanzu daga wasu wurare ake kawo musu tama. Na tsaya ina tunanin a wayi gari a ce duwatsun Birnin Kudu sun ƙare, an narka su an sayar.

An gyara garin, ba laifi. Hayaƙin ya ragu, sun ce dusar ƙanƙara ma ta daina sauka baƙa kamar a zamaninmu, lokacin da farar riga ba ta wuni. Akwai shaguna cike da kaya, ba layin burodi. Amma ni layin nake nema. A layin burodi muka koyi harshen, a nan tsofaffin mata ke shafa hannunmu su ga ko baƙin zai goge, sannan su tura mu gaba wai mun yi nisa da iyayenmu.

Masaukina wani ɗan gida ne a gaɓar yamma. Mai gidan, wata mata, ta tsayar da ni a bakin ƙofa sai da na cire takalmi ta ba ni silifa, wannan kam sun yi mu. Ruwan zafi babu, wai a bazara ake kashe na unguwa gaba ɗaya a gyara bututu. Buta kuwa ko labarinta ba su sani ba. Na zagaya shaguna har na samu wata ta ba furanni ruwa, koriya mai dogon baki, na saya. Mai gidan ta gan ni da ita ta ji daɗi ƙwarai, ta nuna min tukwanen furanninta, na zama mai ba su ruwa har na bar gidan. Rana kuwa tana faɗuwa, Alhaji, amma sai ta ga dama. Na yi ta jiran magariba har gyangyaɗi ya sace ni. Da lokaci ya yi na buɗe taga, na hango bututun hayaƙi a hayin kogi, na shimfiɗa darduma na fuskance su. Haka muke yi ni da Isa, domin ta bayansu rana ke fitowa. A zamaninmu ba masallaci a buɗe, ba wanda za ka tambaya, sallar ma a ɓoye muke yi da ƙofa a kulle.

Neman ya ba ni wuya. Gidan kwananmu na da ya zama shagon waya da wurin cire haƙori. A ƙofar masana'anta masu gadi suka ce ba a shiga sai da izini, kuma waɗanda suka yi aiki a zamanin duk sun yi ritaya ko sun mutu. Sai na tafi makabarta ni kaɗai. Makabartarsu gari ce guda. Kowane kabari da shingen ƙarfe, da dutse mai suna, da hoton mamaci, wasu har da benci da tebur, 'yan uwa su zo su zauna su ci abinci. Ni kuwa da idon gida nake nema, tudun ƙasa wanda ba suna ba alama, irin wanda baƙo marar kowa zai samu. Duk inda na ga shinge mai sabon fenti sai in wuce ko kallo ba na yi. Na wuni ina yawo, sauro ya yi min kaca-kaca, ban ga komai ba. Na zauna a bencin wani mamaci da ban sani ba na yi kuka, na ji haushin kaina da na yi wa tsohuwa alkawarin abin da ya fi ƙarfina.

Ranar Juma'a na tambayi ko akwai masallaci, aka ce akwai, babba ma. Tasi ta yi ta zagaye da ni har ta sauke ni a ƙofarsa, na shiga na bi sahu. 'Yan ƙabilar Tatar ne da Bashkir da 'yan ci-rani, cike. Da aka sallame na miƙe na ce da su ni baƙo ne daga Nijeriya, ina neman kabarin ɗan'uwana da ya rasu a nan zamanin Sobiyet, sunansa Isa, yana aiki a tanderu. Matasa suna kallon juna. Sai wani tsoho mai 'yar hula baƙa ya ɗaga sanda daga sahun gaba.

"Ɗan Afirka? Ai na gidan Rashid ne. Zo nan, ɗana."

Sunansa Ildar, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ce Rashid shi ne shugaban rukunin da Isa ya yi aiki a ciki bayan tahowarmu, ya rasu, amma matarsa Nuriya na nan. Ya kai ni wani dogon bene a tsohuwar unguwa. Wata 'yar tsohuwa mai farin kallabi ta buɗe ƙofa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dafe ƙirji.

"Garun?" ta ce. Haka suke kiran Haruna. "Kai ne Garun mai ƙona shinkafa?"

Ashe bayan tahowarmu a gidansu Isa ke cin abinci duk ƙarshen mako, kuma ba abin da bai gaya musu ba a kaina. Ta ja ni ciki, ba ta yarda mun gaisa a bakin ƙofa ba, wai ba kyau. Ta kawo shayi da wani abin zaƙi na fulawa da zuma mai kama da alkaki. Wannan karon ban ce na ƙoshi ba. Na gaya mata saƙon Inna, tambaya huɗu, kamar yadda aka ba ni.

Ta ce da Isa ya rasu a asibiti, hukuma ta shirya binne shi irin nasu, da kwat da akwati da 'yan badujala. Rashid ya ce ba za a yi haka ba, yaron nan Musulmi ne, ya sha ganinsa yana salla a bayan ɗakin canza kaya. Ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis har aka gaji da shi aka ba shi gawar, aka kuma rubuta masa gargaɗi a wurin aiki. A ɗakin nan da muke zaune aka wanke shi, Ildar na cikin masu zuba ruwa. Farin yadi babu a kanti, sai surukarta ta ciro sababbin zannuwan gado da Nuriya ta zo da su na aure, ta yanka ta yi likkafani. Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, sai da abokan aikinsa suka hura gawayi a wurin kafin diga ta shiga. Wani tsoho da ke yi musu limanci a ɓoye ya yi kabbara huɗu, mutane na tsaye cikin dusar ƙanƙara har gwiwa.

Na tambaye ta me ya sa suka ɗora wa kansu wannan, ga haɗari, ga shi ba danginsu ba.

"Mahaifin Rashid na cikin waɗanda aka kawo a tarago su gina garin nan," in ji ta. "Ya mutu tun Rashid na goye. Har yau ba wanda ya san ramin da aka sa shi. Rashid ya ce wannan dai ba zai ɓata ba, wata rana wani zai zo nemansa."

Washegari da safe muka tafi mu uku. Suka kai ni sashen Musulmi, gaban wani shinge mai koren fenti wanda na tabbata na wuce shi rannan. Kaburbura biyu ne a ciki, na Rashid da na Isa, kafaɗa da kafaɗa. Ga jinjirin wata a kan dutsen, ga sunansa da rubutunsu, an share ciyawa tas. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, sai idona ya kai kan rana. Na dubi rana, na dubi kabarin. A gida kabari kudu da arewa yake miƙewa, mamaci na kallon gabas. Wannan kuwa a gicciye yake. Zuciyata ta hau. Duk wannan wahala, a ce an kwantar da shi ba daidai ba? Me zan gaya wa Inna?

"Malam Ildar," na ce, muryata ta fi yadda na so ƙarfi, "ina kuka juya fuskarsa? Ga gabas can!"

Tsohon ya jingine sandarsa, ya kama kafaɗuna, ya juya ni a hankali har rana ta koma hagu da ni, na fuskanci kudu, na ɗan karkata yamma.

"Makka tana can," ya ce. "Daga ƙasarku ne take gabas. Kun wuce ta tun a jirgi."

Na dubi sauran kaburburan, duk haka suke, sahu-sahu. Kunya ta rufe ni. Shekara uku muna yi wa bututun hayaƙi ruku'u, ga kuma kwanakin nan da na ƙara. Ildar ya ce kada in damu, Wanda muka yi wa sallar ya san inda muka nufa. Nuriya kuwa dariya take yi tana share hawaye da gefen kallabinta.

"Rashid ya gyara wa Isa tun a watan farko," ta ce. "Isa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Na ce ya aika maka, ya ce a'a, wannan sai baki da baki, yana son ya ga fuskarka."

To ya gani. Na tsaya a gefensa da fuskar tawa, na yi dariya, na yi kuka, na yi masa addu'a ina kallon inda yake kallo. Na yi wa Rashid. Nuriya ta nuna min ɗan filin da ya rage a cikin shingen ta ce nata ne, kuma jikokinta sun san mutum uku za su riƙa share wa ciyawa.

Dawowa ba wani labari, sai akwatina da ya kwana biyu a Alƙahira. Ban tsaya hutawa ba, washegarin isowata na nufi Kwandiko. Damina ta yi kyau, gero ya rufe hanya, ɗan acaɓa ya kayar da ni a laka sau ɗaya. Na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta, jikarta Rakiya na tsince mata wake. Ta gane takuna.

"Ka je?"

"Na je, Inna."

"An wanke shi?"

"An wanke shi. Na gaisa da wanda ya zuba ruwan."

"Likkafani?"

"Sabon zane fari, na auren wata mata. Sunanta Nuriya."

Ta maimaita sunan a hankali har sau biyu. "Salla fa?"

"Kabbara huɗu, da liman, da sahu."

"Alƙibla?"

"Daidai, Inna. Ya fi ni daidai."

Na ba ta labarin shingen, da ciyawar da ake sharewa, da mutumin da ke kwance kusa da shi. Ta saurara duka, hannunta a kan gwiwa. Can ta ce da Rakiya ta ajiye waken nan ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa a tsakar gida, ta kuma leƙa ta gaya wa maƙwabta.

"Wancan karon da mutane suka zo, da baki kawai na amsa," in ji ta. "Tashi ka fita, Haruna. Ka yi sallama ka shigo, ka yi min gaisuwar abokinka yadda ake yi."

Na fita zaure, na juyo. Na yi sallama, ta amsa. Na cire takalmi na durƙusa a bakin tabarma.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya," ta ce.

"Allah ya jiƙan Isa, ya sa ya huta."

"Amin," in ji Inna. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta fara kukan ɗanta.